Gwiwa a Wuyan Iliyasu

"Riƙe masa kai sosai, kada ya motsa," in ji maɗorin.

Babandi ya tallafe kan Iliyasu da tafukansa biyu. Maɗorin, wani tsoho Bakatsine mai ido ɗaya, ya bi bayan wuyan da babban yatsa, gaɓa bayan gaɓa, yana karkata kai. Iliyasu bai yi ƙara ba, don ba shi da muryar yi. Wuyan ya kumbura ya yi baƙi ƙirin, numfashi na fita da ƙyar yana fito, hannunsa na hagu kuma yana yashe a kan tabarma, ko ƙuda ba ya iya kora da shi.

"Ƙashi bai karye ba," in ji tsohon bayan ya gama lalube. "Amma an danne shi da nauyi, kuma an daɗe a kai. Muryar za ta dawo. Hannun nan kuwa sai abin da Allah Ya yi. In ya farfaɗo cikin kwana arba'in, to, alhamdu lillahi. In bai farfaɗo ba, a nema masa wata sana'ar, dako ya ƙare."

"Wata sana'ar!" Muryar Azumi ce daga bayan asabari. Ita ce matar Babandi, ita ce kuma yayar Iliyasu, ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Ba ta saba ɗaga murya in da baƙo a zaure ba, amma yau kunya ta tafi hutu. "Ka ji ko, Maigida? Ka ji aikin yaranka? Wata uku ina tashi da asuba ina dama musu kunu, kai da kanka kake ɗauka ka kai musu fili. Ashe ƙarfin da za su murƙushe ƙanena da shi nake ɗura musu!"

Babandi ya sauke kan Iliyasu a kan tabarma a hankali.

Abin da ya faru ba wani abin a zo a gani ba ne, shi ya sa ma ya fi ƙona rai. Jiya da la'asar, a ƙofar wani fatoma mai saukar da fataken goro, Iliyasu da wani ɗan dako suka yi sa-in-sa kan wanda zai fara ɗaukar huhun goro zuwa tashar jirgi. Iliyasu mai saurin hannu ne, kowa ya sani, ya kai wa abokin nasa naushi ya fasa masa leɓe. Irin wannan rigimar sau goma ake yin ta a mako. Sai aka kira ɗan doka, Manniru ya zo, ya kama Iliyasu ya kai shi ƙasa, ya ɗora masa gwiwa a wuya. Da aka ɗaga shi, idanun Iliyasu sun riga sun juye. Manniru kuwa shi ne gwanin almajiran Babandi, wanda yake nunawa da baki in ana hira ya ce wannan hannuna ne.

Shi Babandi ba ɗan doka ba ne, bai ma taɓa sha'awar zama ba. Ɗan kokawa ne daga ƙasar Kabi, koren shanu ya kawo shi Ibadan tun kafin a yanka wa Hausawa fili a gindin tudun Mokola a ce musu ga Sabonku nan. Shekara talatin yana shiga fili, daga Argungu zuwa Ilori zuwa nan, ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Makaɗa ba sa wahalar nema masa kirari. Da sun hango shi sai su ɗauka: "Babandi, bayanka bai san ƙasa ba!" Gaskiyar magana, yana son kirarin nan fiye da yadda ya kamata mai furfura ya so abu. Har tsokanarsa ake yi a unguwa wai ko barci a zaune yake yi don kada makaɗa su yi ƙarya.

Wata uku da suka wuce ne 'yan dokan unguwa, samari shida da dattawa suka ɗauka don tsaron kasuwa da masaukan baƙi, suka fasa wa wani mutum kai da kulki. Magana ta kai kunnen Baturen mulki. Ya ce ɗayan biyu: ko a koya musu kama mutum ba tare da duka ba, ko ya sallame su ya turo akoda, 'yan dokan cikin gari, su riƙe unguwar. Hankalin dattawa ya tashi. Ba wanda yake son baƙon namiji da ba ya jin Hausa ya riƙa wuce zaure yana shiga inda mata ke kulle. Malam Shu'aibu, mai magana da yawun dattawa, ya zo wa Babandi da roƙo, da kuma wani ɗan littafi da Baturen ya bayar, mai zanen mutane suna murɗe wa juna hannu, wai kokawar mutanen Japan ce.

Babandi ya duba rabin farko, bai ga abin da bai sani ba tun yana kiwo: murɗe hannu, taɗe ƙafa, ɗora mutum a kwankwaso. Rabin ƙarshe kuwa zanen mutane ne kwance a ƙasa, ɗaya a kan ɗaya. Ya ja tsaki ya rufe. A kokawa, da zarar bayan mutum ko gwiwarsa ya taɓa ƙasa, an gama. Wanda ya yi kaye ya cire hannu ya ja da baya, wanda kuwa ya taɓa kayayye ba ya sake samun mai shiga fili da shi. "Wannan ai rashin kunya ce," in ji shi. Ya miƙa wa Azumi littafin, ta riƙa yagar takardun tana ƙunsa wa masu sayen yajinta.

Yau ne kuma Baturen zai zo, bayan la'asar, ya ga abin da aka koya.

Da maɗorin ya fita, Babandi ya zura rigarsa ya yi waje, ko hula bai tsaya ɗauka ba. An yi ruwa da asuba, lungunan Sabo sun caɓe da jar laka. Ya wuce masu jiƙa ganyen goro, ya wuce makarantar allo, ana gaishe shi yana wucewa kamar kurma. Ya san inda zai sami Manniru. Kafin a ba su jar hula, shi da uku daga cikin 'yan dokan masu kayar da shanu ne a kara, wato kasuwar shanu, kuma har yanzu da safe can suke zuwa neman na cefane.

Ya tarar da su a kan wani bijimi fari da wani mahauci Bayarabe ya saya. An zarga igiya a ƙafar baya, aka ja, bijimin ya zube. Nan take Manniru ya haye wuyansa da gwiwa, ya kama ƙaho ya murɗe kan, sauran suka shiga ɗaure ƙafafu. Bijimin ya yi shure-shure, Manniru ya ƙara sakar masa nauyi har ya lafa. Babandi ya ga wannan da idonsa, amma fushi bai bar shi ya gane abin da ya gani ba.

"Manniru!"

Manniru ya sauko, ya goge hannu a wando, ya zo ya tsuguna. Ƙato ne, ya fi Babandi tsawo, amma yau duk ya yamutse, da gani bai runtsa ba. "Baba, ina kwana."

"Uwarka ce ta kwana. Tashi ka dube ni."

Masu saye da masu sayarwa suka fara matsowa. Manniru ya miƙe, kansa a sunkuye. "Wallahi tallahi, Baba, ban yi niyya ba. Na kama shi yadda ka koya mana, hannu da kwankwaso, ya faɗi lafiya lau, ko ƙwarzane bai yi ba."

"To, da ya faɗi?"

"Sai na danne shi."

"Da me?"

"Da gwiwa."

"A ina?"

Manniru ya ƙara sunkuyar da kai.

"Na ce a ina, ɗan banza! Bakinka ya mutu? A wuya! Wuyan ɗan Adam! Uban wa ya koya maka haka? Ni? Ka faɗa wa mutanen nan, ni na koya maka?"

"Ba kai ba ne, Baba."

"To wa?"

"Ba kowa." Manniru ya ɗago kai, idanunsa sun yi ja. "Ai shi ne maganar. Ranar da na tambaye ka, in mutum ya faɗi me za mu yi masa, cewa ka yi in na sake yi maka wannan tambayar sai ka mare ni. Ka ce namiji ba ya taɓa wanda ya faɗi. To ni ba a filin wasa nake ba, Baba, a bakin kasuwa nake, mutum ya fasa wa wani baki. In na sake shi, tashi zai yi ya ci gaba. Yana ta shure-shure a ƙarƙashina, na ɗauka gardama yake yi."

Babandi bai san lokacin da ya shaƙo wuyan rigarsa ba. Wato laifin nasa ne ke nan? Yaro ya nakasa masa suruki, sannan ya tsaya a gaban mahauta da dillalai yana ɗora masa? Ya ɗaga hannu, sai ya ji an riƙe shi ta baya. Malam Shu'aibu ne, yana haki, gefen babbar rigarsa duk laka, ashe tun daga ƙofar masallaci yake biye da shi.

"Babandi, don girman Allah. Ka bari yau ta wuce. Gobe mu zauna, a yi wa yaron nan duk hukuncin da ya dace, ni zan tsaya. Amma in Bature ya zo ya tarar babu malami babu almajiri, jibi akoda na cikin gidajenmu. Har naka."

"Allah gafarta Malam, ƙanen matata na kwance ba ya iya haɗiyar ruwa, kai kana yi mini maganar Bature?"

"Ina yi maka maganar unguwa."

Babandi ya saki rigar. Ya dubi Manniru daga sama har ƙasa, ya yi wani murmushi da ba na alheri ba. "Zan zo fili, kada ka damu. Za a nuna wa Bature yadda ake kama ɓarawo. Ni ne ɓarawon. Shi zai kama ni."

Kowa ya gane nufinsa. Babandi na da wani kaye da ya koya wurin wani Bazabarme, wanda ba ya sauke mutum a baya sai a kan wuya. Sau ɗaya ya taɓa yin sa, yana saurayi, mutumin kuwa bai sake riƙe fartanya ba. Bai koya wa kowa ba, amma labarinsa ya riga shi zuwa Ibadan. In ɓarawo ya yi gardama a wasa, ɗan doka ya faɗi ba daidai ba, wa zai ce da gangan ne?

Ya koma gida da azahar. Azumi ba ta hura wuta ba, masu sayen yaji ma ta kore su. Ta riga ta ji labari, don a Sabo magana ba ta buƙatar ƙofa. Ta fito masa da warkinsa da kambunsa daga ƙasan akwati, ta ajiye a gabansa.

"Maigida, shekara ashirin ban taɓa roƙonka ka taɓa wani ba. Yau na roƙe ka. In yaron nan ya koma gidan uwarsa da ƙafafunsa, to ban san me ƙarfinka ya amfana mini ba."

Ta juya ta shige ɗaki. Babandi ya tsuguna kusa da Iliyasu, ya jiƙa tsumma ya ɗiga masa ruwa a baki. Iliyasu ya motsa leɓe. Sai da Babandi ya kai kunne daf da bakinsa sannan ya ji.

"Yaya... da na faɗi, sai na kwanta. Na ce an gama. Ina jira ya sake ni."

"Yi shiru, kada ka wahalar da kanka."

"Ba gardama na yi ba. Iska nake nema."

Babandi ya miƙe. Ya ɗaura warki, ya zura kambu a damtse, ya ja igiyar da haƙori har ta shige nama. Ko alwala sai da ya sake ta sau biyu, don ya kasa tuna inda ya tsaya.

Bayan la'asar filin bayan masallaci ya cika maƙil. An zuba sabon yashi, an kafa wa Bature kujera a inuwar mangwaro, dattawa na zaune a tabarmi a gefensa. Baturen siriri ne, jajir, yana ta share wuya da hankici. Tafintansa, wani akawu Bayarabe, yana tsaye a bayansa. Ba wanda ya gayyaci makaɗa, amma sun zo, don su ma sun ji abin da kowa ya ji. Da Babandi ya cire riga sai ganga ta ɗauka, maroƙi ya ware murya: "Babandi, bayanka bai san ƙasa ba!"

Samarin shida suka fito biyu-biyu. Suka nuna yadda ake kauce wa naushi a kama wuyan hannu, yadda ake ƙwace wuƙa, yadda ake murɗe hannu a baya a tafi da mutum yana tafiya da ƙafarsa. Sun iya, ba ƙarya, aikin wata uku bai tafi a banza ba. Bature na gyaɗa kai, Malam Shu'aibu na jan carbi da sauri.

Sai Baturen ya yi magana. Tafinta ya ce, "Oga ya ce yana so ya ga shi malamin da kansa. Ka fara zama ɗan doka, wannan dogo ya zama ɓarawo. Bayan nan ku juya."

Babandi ya ɗaga kafaɗa. Jiran minti biyu ba zai kashe shi ba. Manniru ya taho da gudu kamar mai tserewa, Babandi ya tare shi, ya cafki hannu, ya juya kwankwaso, sai ga ƙaton a ƙasa, yashi ya tashi. Kafin ƙurar ta lafa Babandi ya riga ya ja da baya taku uku, hannuwansa biyu a sama, yana juyawa ga jama'a. Bai yi tunanin yin haka ba. Shekara talatin jikinsa ke yi masa wannan ba tare da shawara ba. Fili ya kaure da ihu, Manniru ya tashi yana karkaɗe jiki.

Baturen bai tafa ba. Ya nuna Manniru da sandarsa ya ce wani abu.

"Oga ya ce kaye ya yi kyau," in ji tafinta. "Amma ga ɓarawo ya tashi. Ya ce, da ya faɗi, me ya kamata ɗan doka ya yi masa?"

Wasu suka yi dariya. Babandi ya dubi Manniru yana karkaɗe yashi. Ya san hanya arba'in ta kai mutum ƙasa, amma bai san ko ɗaya ta riƙe shi a can ba. Bai taɓa sa hannu a jikin wanda ke kwance ba, shi ma kuma bai taɓa kwanciya a ƙarƙashin wani ba. Ya dubi samarin nan shida a jere, huɗu daga cikinsu 'yan kara. Sai bijimin nan fari na safe ya faɗo masa a rai, da gwiwar da ke kan wuyansa, da yadda aka ƙara masa nauyi da ya yi shure-shure. Ya kai su bakin abu ya bar su, su kuwa suka cike da abin da hannunsu ya sani. Wani sabon fushi ya taso masa, wanda ya fi na safe ɗaci, don wannan karon ba shi da wuyan rigar da zai shaƙa.

"Yanzu za a gani," ya ce wa tafinta. "Mu juya."

Ganga ta canja kiɗa. Mutane suka daina dariya, na baya suka yi ɗage. Manniru ya tsaya a gabansa, leɓɓansa na motsi, kalmar shahada yake yi. Bai gudu ba, wannan kam dole a ba shi. Ya miƙo hannu ya kama, Babandi ya fizge ya shige cikinsa, suka sarƙe. Taku biyu, uku, sai ga hannun Babandi ya zagaye ƙugun yaron, ɗayan ya sami bayan cinya. Kamun Bazabarme ke nan, ba abin da ya rage sai ɗagawa. Yana jin zuciyar Manniru na bugawa a kafaɗarsa, yana jin muryar Azumi a ransa, yana ganin hannun Iliyasu yashe a tabarma. Wallahi ya so ya ɗaga. Amma in ya karya wannan, saura biyar, kuma gobe za su fita kasuwa da gwiwoyinsu.

"Taɗe ni," ya ce a kunnen Manniru.

"Baba?"

"Taɗe ni, don ubanka, kafin in canja shawara."

Ya sassauta ƙafar dama. Manniru ya sa ƙafa, ya juya kwankwaso yadda aka koya masa. Babandi ya ga ganyen mangwaro ya wuce ta samansa, sannan bayansa ya bugi yashi, tim.

Ganga ta tsaya cak a tsakiyar kiɗa. Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai a gefen fili ta ce, "Innalillahi!" Ba wanda ya sake motsi.

Babandi ya mirgina ya yunƙura kamar ɓarawon da zai tashi, sai gwiwar ta zo. Manniru ma bai yi shawara da ita ba, zuwa kawai ta yi, ta sauka a gefen wuya. Yashi ya cika wa Babandi baki. Ya ja iska, ba ta zo ba. Ya sake ja, idanunsa suka fara ganin duhu-duhu, sai ya ji ƙafafunsa na shure-shure da kansu, shi bai aike su ba. Ashe haka abin yake. Ya daki cinyar Manniru da tafin hannu, yaron ya zabura ya ɗage, yana shirin tsalle gefe.

"Kada ka sake ni!" Babandi ya tofar da yashi, yana tari. "Wa ya ce ka sake ni? Ɓarawo ne a hannunka. Sauke gwiwar nan ƙasa, a kan yashi, kusa da haƙarƙarina. Ba a kaina ba, a ƙasa! Kama wuyan hannun nan ka kai shi baya. A hankali, ba ƙaho ba ne. Yanzu juya ni a gefe." Ya yi ƙoƙarin tashi da gaske, ya ga gwiwar hannunsa na da hanya. "Ka ga? Zan kuɓuce. Matso da cinyarka ka tokare bayana. To, haka." Ya sake yunƙurawa da duk ƙarfinsa, ya kasa. "Yanzu tambaye ni sunana."

"Baba..."

"Tambaye ni!"

"Yaya sunanka?" in ji Manniru, hawaye na ɗiga a kafaɗar Babandi.

"Babandi. Ka ji na amsa? Muddin mutum na hannunka a ƙasa, ka yi ta tambayarsa. In ya kasa amsawa, kashe shi kake yi." Ya karkata kai ya hango sauran biyar ɗin sun yi tsuru-tsuru. "Ku kuma me kuke kallo? Ku matso ku tsuguna ku gani. Gobe da hantsi kowannenku sai ya kwanta a nan, an hau shi ya ji."

Sau huɗu ya sa Manniru ya sake kai shi ƙasa, kowane karo yana gyara wani abu, don shi ma a lokacin yake koyo. Kafin na huɗun makaɗa sun rataye gangunansu sun sulale. Baturen ya yi 'yan rubuce-rubuce, ya ce ta bakin tafinta ya ba da wata guda, zai dawo ya sake gani. Malam Shu'aibu ya taso zai yi godiya, Babandi ya ɗauki rigarsa a hannu ya wuce shi ba tare da ya tsaya ba.

Rana na gab da faɗuwa ya shiga gida. Azumi na tsaye a tsakar gida, ta harɗe hannu a ƙirji. Ta dubi fuskarsa, ta dubi shatin da ke wuyansa, sannan da ya juya zai rataye riga ta ga yashi manne da gumi tun daga kafaɗa har ƙugu.

"Da ƙafafunsa ya koma?" ta ce.

"Da ƙafafunsa."

Ta kawar da kai. Sannan ta shige ɗaki ta saki asabari da ƙarfi, har ƙura ta tashi. Bai bi ta ba, don ya san tana da gaskiyarta, kuma ba yau za ta huce ba.

Ya je ya zauna a bakin tabarmar Iliyasu. Iliyasu ya miƙo hannunsa mai lafiya, ya shafa bayan, ya duba yashin da ya maƙale masa a yatsu. Leɓɓansa suka motsa, Babandi ya sunkuya.

"Yaya... ya sake ka?"

"Sai da na koya masa," in ji Babandi. Ya jawo ƙwaryar ruwa, ya jiƙa tsumman.